Madam Habsu, Ni Ce Na Rubuta Sunan

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 14 ga watan biyar na 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran malamarmu ta Faransanci, Madam Habsu Boyi, a cikin motar da ta ɗauko ta daga ƙauyen da aka tura ta aiki, saura kaɗan su shigo Gure. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar mahaifiyarta Ya Kadija, da mijinta Malam Idirisa tela, da 'yarsu Huda mai shekara shida. An yi jana'izarta da safiyar Laraba.

Madam, ni ce Salima Jibirilla, ta benci na biyu kusa da taga. Shekara uku da wata uku kika koyar da ni a kolej. Kin san ba ni da magana, ko a gida sai an tambaye ni nake amsawa. Da Hausa nake rubuta wannan don a karanta wa mahaifiyarki ta ji da kunnenta, kuma don mutanen unguwarku su daina faɗar abin da suke faɗa a kanki. Na so in rubuta ta'aziyya mai sanyi irin wadda ake yi wa mutanen kirki. Na gwada sau biyu, na yaga. Raina a ɓace yake.

Ranar Alhamis, bayan an ɗaga tuta, direktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, ya tsaya gabanmu ya ce mun yi rashin malama abin koyi, wadda ba za a samu madadinta ba. Har ya cire gilashinsa ya goge. Ya sa muka yi shiru na minti ɗaya. Ina tsaye a layi ina kallon hannun da ya goge gilashin. Da wannan hannun ya rubuta rahoton da ya fitar da ke daga Gure, kuma a rahoton ba "abin koyi" ya kira ki ba. Ya rubuta cewa kina koya wa yara zagin manya. Takardar tana nan a dosiyenki, wato fayil ɗin aikinki, har yau, ba wanda ya janye ta.

Ƙarya ce. Kuma ni kaɗai ce zan iya nuna ƙarya ce, saboda daga kayena, wato littafin rubutuna, ta fara. Amma sai na faɗi yadda kike koyarwa tukuna, in ba haka ba wanda bai zauna ajinki ba ba zai gane ba.

A firamare, ga yadda muka saba koyon kalmomin Faransanci: malami ya jera ashirin a allo, mu kwafa, mu haddace, washegari duk wadda ka manta bulala ɗaya. Muna haddacewa kuwa. Bayan mako biyu ko biyar ba sa raguwa a kanmu. Na zo kolej da tsoron Faransanci kamar yadda nake tsoron kunama.

A makonki na farko da mu ba ki rubuta komai a allo ba. Kika ce mu ɗauko takalmanmu, kika kai mu kwarin da ke bayan gari inda mutane ke da garake. Kika tsaya a wurin da tudun rairayi ya gangaro ya cinye shingen wata garka, dabino huɗu sun nutse har wuya, sai gashinsu ake gani. Kika tambaya ko akwai wanda ya san mai garkar. Ta kakana ce. Ban ɗaga hannu ba, Nasira ƙawata ce ta nuna ni. Sai kika ce abin da muke gani sunansa *ensablement*, kika sa muka damƙi rairayin muka faɗa sau uku, kika ce daga yau kalmar ta kakan Salima ce, duk wanda ya manta ta ya je ya gaishe shi. Kusan shekara huɗu ke nan. Ban taɓa bitar kalmar nan ba, ban kuma taɓa manta ta ba.

Haka kike yi. Kin ce kowace sabuwar kalma sai an nema mata mai ita a cikin mutanen da muka sani, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba alama don kada ta ɓace cikin garken wasu. Tsoho Ɗan Talata mai haƙar rijiya, wanda rijiya ɗaya ta rufta masa sau uku yana sake tonawa, shi muka ba *persévérant*. Da yara suka gaya masa, ya zo har bakin ajinmu yana tambaya ko abin nan da aka ba shi ana ci. Kika ce masa a'a Baba, amma ba ya ƙarewa. Ya tafi yana dariya, yana ta maimaitawa a karkace.

In muna karatu muka ci karo da kalmar da ba mu sani ba, ba ki barin a buɗe ƙamus sai mun yi hasashe uku. Kina cewa mu dubi maƙwabtanta, kalmomin da ke gabanta da bayanta. In baƙo ya sauka a gari, ba sai an tambaye shi sana'arsa ba, a duba gidan wa ya sauka da su wa yake zama. Sau da yawa hasashenmu na biyu yakan faɗa daidai, sai ki buɗe ƙamus ki miƙa wa wanda ya canka ya karanta da kansa. Ƙamus ɗaya ne a ajin, naki ne, bangonsa Malam Idirisa ne ya ɗinke shi da ƙyallen shadda.

Kowannenmu yana da ƙaramin kaye na kalmomi. A kowane shafi akwai kalmar, da inda muka gamu da ita, da jimla ɗaya tamu ta kanmu, sai sunan mai ita. Doka ɗaya kika kafa, kuma kina maimaita ta farkon kowace shekara: kalmar yabo a ba mutum, kalmar aibi a ba dabba, ko mutum ya ba kansa in yana da gaskiyar yin haka. Ba a ɗora wa ɗan Adam mummunar kalma a kaye. Shi ya sa jakin mai ruwan unguwarmu ya tara kalmomi sun fi goma. Duk wanda ya taɓa zama ajinki ya san wannan doka. Mu sittin da uku ne a ajinmu kaɗai.

Ni ma kin ba ni tawa. Yara suna kirana bebiya tun firamare. Wata rana kika karanta mana labarin wata yarinya da ke zaune a gefe tana lura da komai, kika tsaya a kan *attentive*, kika bari aka yi hasashe, sannan kika tambaya wa za a ba. Kafin kowa ya yi magana kika ce kin riga kin san mai ita, kika rubuta sunana a allo. Ban iya ɗaga kai ba. Da na koma gida na shiga ɗaki na rubuta ta a bayan ƙofa da gawayi. Daga ranar aka rage kirana bebiya.

Yanzu ga abin da na yi.

A watan goma sha ɗaya na bara, wani babban dillalin shanu ya shigo lakwal da tsakar rana, ya mari Mushe Alhasan malamin lissafi (Mushe muke ce wa malamai maza) a gabanmu, saboda ya fitar da 'yarsa daga aji. Direkta yana tsaye a bakin bironsa, wato ofishinsa, ya gani sarai. Ya juya ya shige, ya rufe ƙofa. Washegari shi da kansa ya sa Mushe Alhasan ya je gidan mutumin ya ba da haƙuri. A makon nan muka karanta labarin makiyayin da ya ga kura ya gudu ya bar tumaki, muka gane *lâche* daga maƙwabtanta, wato matsoraci mai barin wanda ya kamata ya kare. Aji ya ba wani karen mahauta kalmar. Na rubuta kare kamar kowa. Da na je gida abin ya ƙi barina, na ɗauki jan bik na rubuta sunan direkta a ƙasa, cikakken sunansa, har na ja masa layi. Ba wanda ya sa ni. Ban nuna wa kowa ba, ko Nasira. Ke ma ba ki gani ba, don a ranar kin riga kin duba shafin.

Bayan mako uku ansipekta ya zo, mai duba aikin malamai. An san da zuwansa. Wasu malamai sukan shirya aji tun jajibiri, a raba tambayoyi da amsoshi, ke kika ƙi, kika ce ya zo ya same mu yadda muke. Ya zauna a baya shi da direkta. Darasin ya tafi lafiya, har ya yi murmushi da aka ba shi labarin Ɗan Talata. Sai ya ce yana son ganin kayen kalmomin nan. Direkta ya ce a kawo na ta ɗaya a aji. Ni ce ta ɗayan, na tashi na kai da hannuna, na manta sam da abin da ke ciki, har ina jin daɗi.

Ina kallo ansipekta yana buɗe shafuka har ya tsaya. Ya miƙa wa direkta. Na ga wuyan direkta ya kumbura. Ya taso har gaban bencina, ya ɗora kayen a buɗe, ya ce, "Wa ya ce ki rubuta wannan? Madam ce?"

Madam, kalma ɗaya ake nema a bakina. A'a. Na san ta a harshe uku. Na ji ta a maƙogwarona, ta ƙi fitowa. Ya tambaya sau uku, ina kallon ƙasa. Sai na ji muryarki daga gaban allo: "Mushe, kayen ajina ne. Abin da ke cikinsa ni za a tambaya, a bar yarinya."

Ba ki ce ke kika sa ni ba. Kin dai tsaya tsakanina da shi. Amma shi abin da yake so ya ji ke nan, kuma shiruna ya zama masa shaida. Bai kira ko ɗalibi ɗaya ya tambaye shi dokar kayen ba. Bai buɗe sauran kaye sittin da biyu ba, da ya ga kare a kowanne. Shi ma ansipekta bai buɗe ba, yana sauri ya koma kafin rana ta yi. A farkon watan ɗaya takarda ta fito, an mayar da ke wata ƙaramar kolej a wani ƙauye can ƙasar Alakoss.

Duk lakwal an san kina da ciwon suga. An san kina yi wa kanki allura safe da yamma, kuma maganin sai a wuri mai sanyi, shi ya sa kike ajiye shi a firigon Zara mai ƙanƙara, maƙwabciyarku. Direkta ya sani, don sau biyu ya ba ki izinin fita aji da jiri ya ɗebe ki. Ƙauyen da aka tura ki babu kuran, wato wutar lantarki. Malam Idirisa ya kai takardar likita, aka ce za a duba. Ke 'yar kwantaragi ce, in kin ƙi tafiya aikin ya tafi. Kika bar Huda wurin kakarta, kika hau motar kasuwa. Can kika samu tulu kika binne a jiƙaƙƙen rairayi kina sa maganin a ciki, kina zuwa Gure duk mako biyu ki ɗebi wani.

Kina can, mu muna nan muna jin abin da ake faɗa. A wurin niƙa, a bakin famfo, har a gidan suna: ai malamar nan da aka kora don ta sa yara suna rubuta sunayen manya suna zagi. Wata ta ce an ga sunan liman a ciki. Wata ta ce har da na mai unguwa. Ina tsaye da bokitina ina ji, ban ce komai ba. Wata biyar ina yin shiru. Na ba kare kalmar nan, na ba direkta, ban ba wadda ta fi cancanta ba alhali dokarki ta yarda mutum ya ba kansa.

Ganina da ke na ƙarshe a watan uku ne, cikin azumi. Na je sayen ƙanƙara gidan Zara na tarar da ke kina jera kwalaben magani a kula. Kin rame, idanunki sun faɗa. Na juya zan gudu kika kira sunana. Na durƙusa na gaishe ki, kuka ya ƙwace mini, na fara cewa Madam ki yafe mini. Kika katse ni. "Tashi, ba wannan na tambaye ki ba. Kalma nawa kika kama wannan makon?" Na ce ko ɗaya, na daina kayen. A nan ne kawai na ga ranki ya ɓaci. Kika ce ke a can kina koyon yaren 'ya'yan makiyaya, kowace kalma da yaron da ya ba ki ita, kin kusa cika kaye, ni kuma ina zaune cikin gari da littattafai na daina. Kika ce in sake sayen wani in fara, kuma in ci jarrabawa, sauran magana a bar ta sai bayan nan. Kika sa mini ƙanƙara biyu a roba kika ce in yi sauri kada ta narke.

Zafin watan biyar na bana kowa ya ji shi. Tulu bai isa ba. Abokin aikinki da ya rako gawarki ya ce kwana huɗu kina allura ba ta aiki, kina shan ruwa ba ƙoshi, kina shiga aji a haka. Ranar Talata da hantsi kika faɗi a gaban allo. Kafin a samu mota azahar ta yi.

Na san kwana ne ya ƙare. An koya mini, na yi imani, ba wanda ke wuce lokacinsa. Amma an kuma koya mini cewa za a tambayi kowa abin da hannunsa ya aikata, kuma mutanen da ke ta ce mini "haƙuri, lokaci ne" ba sa kaiwa nan. Ina fushi da direkta, wanda ya ga sunansa a kayen yarinya 'yar shekara goma sha biyar ya huce a kan mace mara lafiya. Ina fushi da wanda ya sa hannu a takardar bai tambayi ko akwai kuran a inda yake tura ki ba. Malamanmu sun san dokar kayen, wasu 'ya'yansu na ajinki, ba wanda ya tashi. Mushe Alhasan, saboda marin da aka yi maka abin nan ya faro, ko ba ka sani ba, kuma ranar da aka karanta takardar canjin kana zaune a wurin. Madam, har ke ina fushi da ke. Me ya sa kika ce a bar yarinya? Da an kore ni na mako ɗaya, ko an yi mini bulala a gaban tuta, da yanzu ya wuce. Kin san jikinki, kin san inda za su iya jefa ki. Ba ki ba ni damar in ɗauki abin da na jawo ba, kika tafi kika bar ni da shi.

Saura mako biyar mu zauna jarrabawar BEPC ta gama kolej, kuma takardunmu duka ta hannun direkta suke bi. Da na gaya wa babana gaskiya ranar sadakar uku, ya ce in riƙe bakina har a gama jarrabawa, kin ma faɗi haka da kanki. Na ce to. Amma a zaman makokin, a tsakar gidanku, na ji wata mata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa Allah dai Ya yafe miki abin da kika koya wa yara. Huda tana zaune a tabarmar tana wasa da murfin kwalba. Ban san ko ta ji ba. Shekararta shida, ta iya riƙe magana.

Jiya na karanta wa Baba wannan takarda tun daga farko. Da na gama ya tambaye ni ko na san abin da zai iya biyo baya, na ce na sani. Ya ce in na faɗi jarrabawar ko aka hana ni zama, shekara ɗaya ce, za a sake. Ya ce ranar Litinin in jira shi, tare za mu je wurin direkta.

To ga shi ina faɗa, da sunana da na mahaifina. Ni Salima Jibirilla ni ce na rubuta sunan direkta a kayena, ni kaɗai, a gidanmu, na karya dokar da Madam Habsu ta kafa mana. Ba ta sa ni ba, ba ta gani ba. Ba ta taɓa koya mana zagin kowa ba. Babu sunan liman, babu na mai unguwa. Nasira ta tattara kaye arba'in da ɗaya daga 'yan ajinmu, za mu kai su tare da wannan takarda, duk mai so ya buɗe ya duba. Mushe Direkta, abin da na rubuta a kanka rashin ladabi ne, ka hukunta ni a kansa yadda doka ta ce. Amma ka ce mana ita abin koyi ce. Ka rubuta haka a takarda, ka sa hannu, ka aika inda ka aika ta farko, a cire waccan daga dosiyenta. Minti ɗaya na shiru bai isa ba.

Ya Kadija, Malam Idirisa, na zo gidanku sau uku a makon nan na zauna cikin mata, na ci abincin sadaka, ban iya duban idonku ba. Yanzu kun san dalili. Ina yi muku ta'aziyya, ina kuma roƙonku gafara. In ba za ku iya ba yanzu, ba zan ga laifinku ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku ajiye wa Huda wannan takarda har ta iya karatu.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Habsu. Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinta Ka sanyaya shi. Ka sa abin da ta koya mana ya riƙa isa gare ta a matsayin lada muddin muna amfani da shi. Ka ba mahaifiyarta da mijinta haƙuri, Ka raya Huda cikin mutunci, Ka sa ta ji alherin uwarta a bakin mutane. An ce in haɗa da kowa da kowa a addu'ar nan, har waɗanda nake fushi da su. Na gwada, bakina bai kai ba tukuna. Ya Allah Ka yafe mini wannan, Ka yafe mini shiruna, kuma ranar Litinin in an tambaye ni Ka buɗe mini baki. Amin.

Salima Jibirilla
Gure, 25 ga watan biyar, 2024